Kalmar da Ta Ci Mudu Shida

Ranar Litinin ta farkon zango na uku, kwamitin makaranta ya zabge mudu shida daga shinkafar da ake dafa wa yaran firamare. Babu takarda, babu bayani. Mai sito ne kawai ya auna goma sha takwas maimakon ashirin da huɗu, ya ɗaure bakin buhu, ya rufe ƙofa, ya jefa mukulli a aljihu. Inna Mai Ludayi ta sha gabansa, hannu a ƙugu, ta tambaye shi wane marar tausayi ne ya kawo wannan shawara. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke mana, Inna. Daga bakinki aka ji."

Abin takaicin shi ne bai yi ƙarya ba.

Shekararta goma sha tara a kicin ɗin makarantar. Kicin ɗin wata rumfar kwano ce a bayan ajujuwan firamare: murhu uku, tukunyar da sai mutum biyu ke sauke ta, da wani tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da rabin bulo tun kafin a ɗauke ta aiki. Ba don kicin aka haife ta ba, in ji ta, kuma takan faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta so ta zama nas, sai aure ya zo, 'ya'ya biyar suka biyo baya, takardar ta koma ƙasan akwati tana shan ƙamshin kafur. Abin da ya rage mata na boko biyu ne: rubutu mai kyau, da son gyara wa mutane magana. In malami ya manna sanarwa a bango, ita ce za ta tsaya da ludayi a hannu tana nuna wa masu wucewa inda ya ci harafi. A riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Ludayin da ta ci sunansa na ƙarfe ne, mai zurfi kamar ƙaramin kwano, an naɗe mariƙinsa da robar tayar keke. Dokarta ɗaya ce: a cika shi, a danna, a ɗora masa hula. Ɗan aji ɗaya wanda jakarsa ta fi shi girma da zabgegen ɗan aji shida mai neman fasa murya, duk haka suke samu. Ta tashi a gidan da su tara ke zagaye kwano ɗaya, ita ce babba, ita ke fara tsame hannu don ƙanne su ƙoshi. Tun daga nan ta ɗaukar wa kanta alkawarin babu yaron da zai wuce ta gabanta ana ganin gindin kwanonsa. In yaro ya ce, "Inna, ya isa," sai ta yi masa wani kallo ta ƙara rabin ludayi, don ya koyi ladabi.

Sakamakon wannan kirki nata shi ne bokitin fenti biyu, cike taf da shinkafar da aka jagwalgwala, kullum ƙarfe ɗaya. Gwaggo mai wanke-wanke ke ɗaukar su ta kai wa kajinta, waɗanda suka yi ƙibar da sai sun huta sau biyu kafin su kai ƙofar akurki. Inna kuwa sai ta dubi bokitan ta ja tsaki ta ce yaran zamani ba su san darajar abinci ba. Shekara goma sha tara tana jan wannan tsakin, ko sau ɗaya ba ta sunkuya ta dubi abin da ke hannunta ba.

Ana nan sai aka naɗa Auta, 'yarta ta ƙarshe, shugabar ɗalibai a ɓangaren sakandare. Kafin la'asar mai kawo itace ya ji, mai gadi ya ji sau uku, wata mata da suka haɗu a motar haya ba su ma san juna ba ta sauka da cikakken tarihi. Auta siririya ce, shekararta goma sha bakwai, ba ta da yawan magana. Babanta yakan ce daga wajensa ta gaji shiru, don a ɗaya ɓangaren ko an neme shi da fitila ba za a samu ba. Kowane shugaban ɗalibai yakan zaɓi aiki ɗaya da za a tuna shi da shi. Wani ya dasa itatuwa awaki suka cinye, wata ta sa an yi wa bango fenti. Auta ta ce ita bokitan nan biyu take so.

Da farko ta yi abin da kowa ke yi. Ta zana hotuna a manyan takardu, ta tsaya a taron safe ta yi jawabi a kan gumin manomi da mutanen da ke kwana da yunwa. Yara suka tafa har tafin hannunsu ya yi ja, ƙarfe ɗaya suka cika bokiti biyu. Sai ta koma tsayawa a kan bokitan da kanta, hannu harɗe a ƙirji, duk wanda ya zo zubarwa ta yi masa nasiha. Bokiti ya ragu sosai, har Inna ta fara yi wa Gwaggo jaje. Bayan mako guda aka gano inda shinkafar ta koma: aljihun riga, jakar littattafai, da bayan tagar aji biyu, inda ɓeraye suka kafa unguwa. Wata uwa ta zo har ofis riƙe da littafin karatun ɗanta wanda miya ta manne shafukansa, tana neman wanda za ta yi wa ciwon baki.

Da wata ce, da ta haƙura ta koma fentin bango. Auta ta ɗauki kwano ta shiga layi. Ta zauna a bencin 'yan aji biyu, gwiwoyinta na neman taɓa haɓarta, ta ci tare da su kwana uku ba ta yi wa kowa wa'azi ba. A rana ta uku wata 'yar yarinya da ake ce wa Giɓi, don haƙoranta na gaba sun zube, ta ture kwanonta ta ce ta gaji.

"To me ya sa kika karɓi da yawa?" Auta ta tambaye ta.

"Ni ban karɓa ba. Inna ce ta ba ni."

"Ai sai ki ce mata ya isa."

Giɓi ta dube ta kamar an ce ta je ta taɓa garwashi. "Ke kin taɓa ce mata?"

Ita ma Auta ba ta taɓa ba.

Kukan manya kuma daban ne. 'Yan aji biyar da shida da yawansu ludayi ɗaya ba ya kai musu ko'ina, amma ba a komawa layi. Suna kallon na ƙanana yana tafiya bokiti suna haɗiyar yawu, don babu mai son a ce an gan shi yana cin abin da wani ya bari.

Da yamma a gida, Baban Auta ya rufe shagon ɗinkinsa ya dawo da wata riga yana sa mata maɓalli. Inna ta sauke tukunyar da za ta ƙosar da mutum takwas, a gidan da su uku suka rage.

"Inna," Auta ta ce, "na gano inda matsalar take."

"Ai na gaya miki tun farko. Iyaye ne. Ba sa koya wa yara komai a gida."

"Ludayinki ne."

Baban Auta ya soke allurarsa a jikin riga, ya ja kujerarsa baya kaɗan, kamar mai kauce wa hayaƙi.

"Ludayina," Inna ta maimaita. "Shekara goma sha tara ina shan hayaƙi har idona ya yi ja ya ƙi komawa. Rabin malaman da ke koya miki, da ludayin nan suka yi ƙashi. Yau an maƙala miki bajo a ƙirji kin zo ki koya mini zuba abinci. Baban Auta, kana jin 'yarka?"

"Ina ji," ya ce. "Ni ma shekara talatin ina son in ce ya isa, ban samu hanya ba."

Kwana biyu Inna ba ta yi wa kowa magana a gidan ba, abin da maƙwabta suka ɗauka rashin lafiya ne har ɗaya ta leƙo dubiya. A rana ta uku, tana rabo, ta cika wa Giɓi kwano ta ɗora hula kamar kullum, sai idonta ya bi yarinyar. Giɓi ta riƙe kwanon da hannu biyu, ta tokare shi da ciki, tana tafiya kamar mai dakon bulo. Ta zauna, ta ci cokali bakwai, Inna ta ƙirga, ta tashi ta nufi bokiti. A ƙarshen bencin kuwa wata doguwar 'yar aji shida tana lasar bayan cokalinta tana kallon sama.

"Gwaggo," Inna ta ce, "na yanke shawarar canja tsari."

"Ke kika yanke?"

"To wa kike gani a nan?"

Tsarin, wanda Auta ta riga ta rubuta a takarda ta ajiye mata a kan matashi tun shekaranjiya, mai sauƙi ne. Duk yaron da ya miƙo kwano a tambaye shi, "Kaɗan ko cike?" Ƙarfe sha biyu da rabi mai gadi ya sake buga ƙararrawa, duk wanda ya cinye nasa bai ƙoshi ba ya dawo a ƙara masa. Matsalar ita ce yara ba su yarda ba. Sun daɗe a duniya, sun san in babba ya ce anjima to an gama. Ranar farko kowa ya ce cike.

Don haka Auta ta bi aji-aji da alli a hannu. A kowane allo takan rubuta kalma biyu, ta ja layi a tsakaninsu.

"Abin da ka sa wa cokali ka bari a kwano, sunansa ragowa. Babu mai ci, bokiti za shi. Abin da ke cikin tukunya ba ragowa ba ne. Ƙari ne, naku ne, yana zaune yana jiranku. Ku faɗa in ji."

"Na kwano ragowa, na tukunya ƙari."

A aji biyu Giɓi ta ɗaga hannu. "Anti, in mun dawo babu fa?"

"In kun dawo babu, ku kira ni maƙaryaciya a gaban kowa."

Inna tana wucewa ta bayan taga da kwandon albasa ta ji. Ta girgiza kai ta ce a ranta yarinyar nan ta iya cika baki, ko a wajen wa ta gado.

Sai ga shi abin ya kama. Ƙanana suka fara cewa kaɗan, a tsorace da farko, suna jiran harara. Inna takan danne ta, ko da yake wani lokaci hannunta kan ƙara cokali ɗaya da kansa ba da saninta ba. In ƙararrawa ta biyu ta tashi, sai layi ya sake miƙewa, manya a gaba, wasu har sau biyu, a kankare tukunya tas har ƙanzo. Bokiti biyu suka koma ɗaya, ɗayan ya koma abin da bai rufe gindinsa ba. Kajin Gwaggo suka zube, suka koma tono a bola kamar kajin kowa, Gwaggo ta yi mako guda tana amsa gaisuwa da hanci. Yara suka sa wa Auta suna Anti Ƙari, in ta ratsa fili su bi ta suna rera kalmomin nan kamar waƙa. Zango guda cur Inna tana jin su safe da rana, har ta kama kanta tana rerawa a wajen wankin shinkafa. Wata rana Gwaggo ta ce a rufe ragowar tukunya kada ƙuda ya faɗa, Inna ta juyo da sauri.

"Ƙari ake cewa, Gwaggo. Ki riƙa sanin abin da ke fita daga bakinki."

A makon ƙarshe na zangon Hedimasta ya aiko cewa 'yan kwamiti za su zo zagaye, su biyar, a dafa musu shinkafa da kaza daban a kai ofis. Inna ta goge rigar aikinta har ta yi kaifi. Kwana uku tana tsara jawabi a kanta, tana maimaita wa tukunya. Yau dai za su san mai dafa abincin nan ta shiga aji, kuma ita ta haifi shugabar ɗalibai.

Suka iso ƙarfe sha biyu da minti goma, layin farko ya gama karɓa ke nan, yara na kan benci suna ci. Ciyaman, wani dogon dattijo mai tabarau a kan karan hanci, ya duba bokiti ya gyaɗa kai. Ya leƙa tukunya ya ga shinkafa jibge a gefe guda tana tururi.

"Wannan fa, Inna?"

Ta gyara tsayuwa, ta gyara murya.

"Ragowa ce, ranka ya daɗe. Kullum haka take raguwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tun da 'yata, wadda ita ce shugabar ɗalibai, ta kawo wannan tsari..."

Gwaggo ta taka mata ƙafa. Inna ta ɗauka so take a ambace ta, don haka ta ƙara da cewa, "da taimakon Gwaggo."

"Kashi ɗaya cikin huɗu," Ciyaman ya ce. "Kullum?"

"Ko fashi babu, ranka ya daɗe."

Ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi Hedimasta. Ƙamshin kaza ya riga ya isa ofis, suka bi shi. Minti ashirin bayan isowarsu mai gadi ya buga ƙararrawa, yara suka yi layi, aka kankare tukunya kamar kullum, babu ɗan kwamiti ko ɗaya da ya gani. Ƙarfe ɗaya da rabi Inna ta je kwashe kwanukan ofis ta tarar kowa ya ci rabi ya bar rabi, har da cinyar da aka gatsa sau ɗaya aka ajiye. A duk zangon, ranar ce bokiti ya fi nauyi. Ta koma gida ta shaida wa Baban Auta cewa ta yi magana kamar a rediyo, Ciyaman ma sai da ya sa ta maimaita.

To shi ne aka dawo hutu mai sito ya auna goma sha takwas.

Ta dafa su haka, tana addu'ar shinkafa ta kumbura fiye da halinta. Yara suka zo suna cewa kaɗan da fara'arsu, kamar yadda suka saba. Layin farko ya cinye ta tas. Mai gadi, da ba a gaya masa komai ba, ya buga ƙararrawarsa a kan lokaci. Yara sama da sittin suka miƙe da kwanukansu. Inna ta kankare ƙanzo ta raba wa goma na gaba, daga nan ludayi ya fara kuka a gindin tukunya. Auta na tsaye gefe, inda take tsayawa kullum. Giɓi, wadda sabbin haƙora suka fara leƙo mata suka zo da ci, ta miƙo kwano, ta leƙa tukunya, ta juya ta dubi Auta.

"Anti Ƙari, ai kin ce..."

Ba ta ƙarasa ba. Daga can baya wani ya ƙarasa mata, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji: "Maƙaryaciya." Auta ba ta nemi wanda ya faɗa ba. Ita ta ba su izini. Ta tsaya nan har layin ya watse.

Zuwa Laraba babu yaron da ke cewa kaɗan. Har 'yan aji ɗaya cike suke cewa, su riƙe kwano da hannu biyu su ƙi janyewa. Tukunya kan ƙare kafin a kai kan 'yan aji shida, su samu abin da bai taka kara ba, ƙanana kuma su ci cokali bakwai su nufi bokiti. Shinkafa ta ragu, yunwa ta ƙaru, bokiti ya cika. A duk makarantar kajin Gwaggo ne kaɗai suka ga amfanin kwamiti.

Inna ta san tun Litinin daga inda gobarar ta tashi, amma ta yi gum. Mace mai baki irin nata, kwana uku tana zagin kwamiti a gida, tana tsallake wuri ɗaya a labarin kamar mai tsallake kwata. Ranar Alhamis Auta ta je wurin Hedimasta da takardar koke. Ya karanta, ya ninke, ya ce kwamiti ba ya aiki da jita-jita, mai dafawar da kanta ta shaida musu kashi ɗaya cikin huɗu ragowa ne, kullum, ko fashi babu.

Da yamma Auta ce ta karɓi cokalin rabo. Ta zuba wa babanta, ta ɗauki kwanon uwarta ta riƙe cokalin a sama.

"Kaɗan ko cike, Inna?"

"Kaɗan."

Ta zuba, ta miƙa mata da hannu biyu. "Ragowa kika ce musu?"

"Ai in kika duba, ma'anar kusan ɗaya ce," Inna ta fara. Ta ji abin da ta faɗa, ta mai da ido kan kwanonta.

"Kusan ɗaya," Baban Auta ya ce. "Wannan ita ce matar da ta sa na sauke allon shagona na mayar wa mai rubutu, don ya rubuta ɗinki bai lanƙwasa kan harafin farko ba. Mako biyu shagona ba shi da suna."

Babu wanda ya yi dariya. Auta ta zauna tana juya cokali a kwano.

"Ranar Litinin zan tsaya a taron safe in ba su haƙuri," ta ce. "In gaya musu kowa ya karɓi abin da ya samu, kada ya jira ƙararrawa. Daga nan in mayar da bajon ofis."

"A kan me? Ke kika rage shinkafar?"

"Su ba su san kwamiti ba, Inna. Ni suka sani. Ni na ce su amince."

Inna ta so ta yi faɗa, ta nemi wanda za ta yi wa ta rasa, don duk inda ta juya kanta take gani. Yarinyar da ta tanƙwashe a bencin 'yan aji biyu, ta bi aji goma sha biyu da alli, ta samu abin da manya suka kasa shekara da shekaru, uwarta ta rushe mata shi a numfashi ɗaya don tana son a ce ta iya jawabi. Karo na farko a rayuwarta ta ture kwano da abu a ciki. Baban Auta ya leƙa.

"Wannan kam ragowa ce," ya ce, ya tashi da sauri ya tafi neman almakashinsa.

Kwamiti kan zauna Asabar ta farko a wata, ƙarfe goma na safe, a ofishin Hedimasta. Babu wanda ya gayyaci Inna. Ranar Juma'a ta hana Gwaggo bokiti ɗaya, ta rufe shi da faifan roba ta ajiye a kicin ya kwana. Da safe ta saka rigar aikinta, wannan karon ba ta goge ba, ta ɗauki bokitin a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya. Ta yi sallama, ba ta jira an gama amsawa ba ta shiga, ta dire bokitin a tsakiyar ofis ta buɗe. Ɗan kwamitin da ke kusa da taga ya miƙa hannu ya ƙara buɗe ta.

"Inna, lafiya?" Hedimasta ya ce. "Muna taro."

"Shi ya sa na zo. Ranka ya daɗe Ciyaman, ka san wannan?"

Ciyaman ya sauke tabarau ya toshe hanci da bayan hannu. "Ragowar abinci ce."

"Madalla. Wannan ita ce ragowa. Abin da ka gani a tukunya ranar nan ba ita ba ce, ƙari ne, abincin yaran da ba su ƙoshi ba, minti ashirin ya rage su zo su cinye. Ɗan aji ɗaya ya san bambancin. Ni da na gama sakandare, nake gyara wa malamai rubutu, ni na faɗi wadda ba ita ba, don kaina ya kumbura ina son ku san ni na haifi shugabar ɗalibai. Wannan laifina ne, na ɗauka, ku yi mini dariya in kuna so, ana yi mini a gida."

"To ai kin ga, mu abin da aka gaya mana..."

"Ban gama ba, ranka ya daɗe. Ni girki aka ɗauke ni, ba jawabi ba. Ku aka ɗora ku duba. Kun zo dubawa, minti ashirin kuka kasa tsayawa, kaza ta ja ku ofis, ita ma rabi kuka ci, ni na kwashe. Ba ku tambayi malami ba, ba ku tambayi yaro ko ɗaya ba, ba ku kira yarinyar da ta yi aikin ba. Kun ji kalma ɗaya daga bakin mace mai surutu kun yanke abincin yara ɗari uku. Yanzu ga abin da kuka samu: 'yan aji shida na komawa aji da yunwa, bokiti ya dawo biyu, ana kiran 'yata maƙaryaciya a filin makaranta, jibi kuma za ta tsaya ta ba da haƙuri a kan abin da ni da ku muka ɓata."

Ta matsa gaban tebur, ta ture wani kofin shayi da aka sha rabi, ta ajiye ludayin a gaban Ciyaman, mariƙin na fuskantarsa.

"Ku mayar da mudu shidan nan ranar Litinin, kafin in ɗora tukunya. Kai kuma, ranka ya daɗe, ka zo taron safe, ni da kai mu tsaya gaban yaran nan mu gaya musu Auta ba ta yi ƙarya ba, manya ne suka yi shirme. In hakan ya fi ƙarfinku, ga ludayi nan. Ƙarfe sha biyu da rabi mai gadi zai buga ƙararrawa, za su yi layi da kwanukansu. Ɗaya daga cikinku ya zo ya tsaya a gaban tukunyar, ya dubi idonsu, ya ce musu babu da bakinsa."